Kujerar Baya a Hanyar Challawa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Idan ya zama dole ya ambace ni, sai ya ce “yaron nan”. Ƙanwarsa, wadda muke kira Goggo, ita ta ɗauke ni tun daga yaye, kamar yadda ake yi a ƙauyenmu da ke gefen Kumbotso. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa. Kullum da safe nakan zagaya in gaishe shi, in durƙusa daga bakin zaure, kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa ya san haka. Har na girma na samu aikin karanta labarai a gidan rediyo, maganata da shi ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In yana da saƙo, Goggo ce ke kawowa.

Bakanike ne a wata masaƙa a Bompai. Da farko a ɗakin saƙa yake, yana gyaran injinan da ke ciki. Wanda bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba ba zai gane ƙararsa ba. Ko ka sa baki a kunnen mutum ka yi ihu, ba zai ji ka ba. Ma'aikatan ciki da leɓe suke magana: ka kalli bakin ɗan'uwanka, ka karanta abin da yake faɗa. Ya yi shekaru a nan kafin a mayar da shi garejin kamfani, inda ya yi suna. Da kunne ya yi sunan. Ana cewa idan mota ta shigo ƙofa, kafin direba ya kashe ta ya riga ya san abin da ke damunta.

Kurumtar ba ta zo masa yana ɗakin saƙa ba. Sai da ya bar shi da daɗewa ta biyo shi, a hankali. Mu a gida mun lura. Da lokacin labarai ya yi, rediyonsa har gidan Goggo ake ji. Daga baya ta ce min ta leƙa ta same shi ya manna rediyon a kumatu. Daga baya kuma ya daina kunnawa. A wurin aiki kuwa babu wanda ya sani, domin a masaƙa kowa da ƙarfi yake magana, shi kuma yana kallon bakin mutane yana amsawa daidai.

A farkon shekarun tamanin aka shiga tsuke bakin aljihu. Kayan aiki suka daina shigowa daga waje, masana'antu suka fara sallamar mutane rukuni-rukuni. Kowane wata sai ka ga sababbin fuskoki a zaune a gindin bishiyar ƙofar masallacinmu da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna bakin aiki. Baba yana da ƙannena a makaranta, kuma gonar da ya gada ba ta ciyar da gida rabin shekara. Bakaniken da ba ya ji kuwa, ba sai an yi shawara a kansa ba.

Mai masaƙar wani Alhaji ne da ya saye ta daga hannun Baturen da ya kafa ta. Tare da ita ya sayi motar Baturen. Tsohuwar mota ce baƙa, doguwa, ƙirar Ingila, ta girmi 'yancin kai. Kujerunta na fata ne, gabanta katako mai sheƙi, ƙofarta idan ta rufu sai ka ji kamar an rufe akwatin ƙarfe. Sitiyarinta a dama yake, domin an kawo ta tun ana tuƙi ta hannun hagu. Alhaji yana da sababbin motoci, amma wannan ce yake fita da ita ranar Juma'a da ranar da ya yi manyan baƙi. Babu wanda yake sa mata sifana sai Baba.

Sai ta fara wata ƙara daga baya. Alhaji ya ce yana jin ta a ƙarƙashinsa, tana hana shi lazimi. Matsalar ita ce ba a samun kayan motar a ƙasar nan, ba kuma halin a yi odarsu. Idan aka kwance bakasul, wato gatarin da ke juya tayoyin baya, aka tarar lafiyarsa ƙalau, wataƙila a mayar da shi yana yoyon mai har abada. Dole a san inda ciwon yake kafin a taɓa. Hanyar sani kuma ɗaya ce: a fita da ita gwaji a kan titi, a saurara. Baba ya fita da ita shi kaɗai, ya je ya dawo, bai ji komai ba.

Goggo ta same ni ina goge takalmi.

“Babanka ya ce idan yaron nan ba shi da aiki ran Asabar, ya same shi a Bompai bayan azahar.”

“Ni? Me na sani a mota, Goggo?”

“Ba saninka ake nema ba. Kunne za ka kai masa. Kuma ban faɗa maka ba, kai ma ba ka ji ba.”

Damina ce, an yi ruwa da safe. Na same shi a gareji ya buɗe gaban motar, injin yana aiki a hankali. Ya ɗora bakin dogon sukundireba a kan injin, ya ciji ƙotar da haƙoransa, idonsa a rufe. Daga baya na gane dalili. Abin da kunne ya daina kawo masa, ƙashin muƙamuƙi yana kawowa. Da haka yake jin bawul da fistin, muddin motar tana tsaye. Amma mutum ba zai ciji tayar baya yana tuƙi ba.

Direban Alhaji yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Mutumin Damagaram ne, sa'an Baba, kuma tsakaninsu akwai wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Ya jira Baba ya buɗe ido ya kalle shi.

“Bakano, abin har ya kai ga cin ƙarfe? Ka ce min in sam maka gyaɗa mana.”

“Riƙe abinka. Ita ce ta kawo ka Kano, kar in raba ku.”

“In zo mu je gwajin? Ni na san inda take kukan.”

“Kai da bakinka ba ya rufuwa, ina zan ji mota? Zauna ka yi gadin bencin.” Ya goge hannu da tsumma, ya nuna ni da haɓa ba tare da ya dube ni ba. “Yaron nan zan rage wa hanya.”

Na shiga gaba, na zauna a hagunsa, na takure kamar a zaure. Muka fita daga ƙofar masaƙa, muka bi ta tsakanin dogayen katangun Bompai. Na ce, kaina a ƙasa, “Baba, kamar ina jin wani abu daga baya.” Bai amsa ba. Na sake faɗa. Bai amsa ba. Kafin mu shiga cikin gari ya gangara gefen titi, ya tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya, ya ja burkin hannu. Sitiyari yake kallo lokacin da ya yi magana.

“Kunnen nan na wajenka ya mutu. Ɗayan ma saura kaɗan. In ba na ganin bakin mutum, ban san me yake cewa ba. Ka koma baya, ka zauna ta hagu, inda zan gan ka a madubi. Daga can ma za ka fi jin ta.”

“Baba, ai wurin Alhaji ne.”

Bai ji ba, domin da ƙirjina nake magana. Ya jira. Da ya ga ban motsa ba ya ce, “Ɗago kanka in za ka yi magana.”

Na ɗago. Na maimaita. Ya kalli bakina har na gama.

“Na sani,” in ji shi. “Koma.”

Na fita na shiga baya. Kujerar ta nutse da ni. Tana ƙanshin turaren Alhaji da tsohuwar fata, kuma akwai ɗan lotsawa a inda gwiwar hannunsa ta saba zama. Baba ya miƙa hannu ya karkata madubi har ya daidaita shi da fuskata. Ni kuma abin da nake gani a ciki idanunsa ne kawai da gindin hularsa. Ranar na san yana da tabo a girar dama. Ina da shekara kusan talatin.

Cikin gari ba a jin komai sai hon da 'yan kura. Sai da muka fito Sharada, inda titin ya miƙe tsakanin masana'antu kuma ranar Asabar babu manyan motoci sosai, sannan ya fara aiki. Ya fara da abin da ba ya buƙatata a ciki. Ya saki sitiyari ya taka burki a hankali, ya ga ko za ta ja gefe. Ba ta ja ba. Ya sa babbar giya tun tana tafiya a hankali, ya taka totur, tafin ƙafarsa yana jiran kuloci ya zame. Bai zame ba. Ya bi da ita ta kan wasu ramuka da ruwa ya cika, da gangan, ya ƙirga da jikinsa sau nawa ta yi lilo kafin ta nutsu. Duk wannan ba da kunne yake yi ba. Da hannu ne, da ƙafa, da mazauni. Yana yi fuskarsa a sake, yadda ban taɓa ganinta a gida ba.

Da muka hau hanyar Panshekara sai ya dubi madubi.

“Yanzu naka ne. Kar ka faɗa min abin da kake zato. Abin da ka ji kawai.”

Wannan umarni na san shi. Shi ne abin da aka fara koya mana a ɗakin labarai. An kuma koya mana buɗe baki, a ba kowane harafi haƙƙinsa, kar a haɗiye ƙarshen kalma. Ban taɓa tunanin zan yi amfani da wannan horo a gaban mutum ɗaya da ba ya jin muryata ba.

Ya ƙara gudu. Gonakin Zawaciki suna wucewa, a lokacin gero da dawa ne a wurin, ba gidaje ba. Sai ƙarar ta taso.

“Ta fara.”

“Kuka ne ko gurnani?”

“Gurnani. Kamar ana niƙa a gida na uku.”

“Yana yankewa ko a haɗe yake?”

“A haɗe.”

“Zan ɗaga ƙafa daga totur. Ka faɗa min in ya sauya.”

Ya ɗaga. Injin ya yi shiru, motar ta ci gaba da tafiya da nauyinta.

“Bai sauya ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ko kaɗan. Sai da gudun ya ragu ya fara raguwa.”

Ya gyaɗa kai. Ya sake ɗaukar gudu, ya cire giya gaba ɗaya ya bar ta a firi. Gurnanin yana nan. Ya yi min bayani, yana kallon titi, kamar da motar yake magana: idan ƙarar tana bin totur, tana zuwa in an taka ta tafi in an ɗaga, to haƙoran cikin bakasul ne, kuma shi ke nan, motar ta gama yawo. Idan kuwa gudun taya take bi, akwai sauran magana.

“Riƙe ƙofa. Zan yi lilo da ita.”

Titin babu kowa. Ya karkata ta hagu a hankali, kamar zai kauce wa rami, sannan ya dawo da ita dama. Ya sake. A duk karkatawa idonsa yana tsalle daga titi zuwa madubi.

“Da kuka yi hagu ya ragu. Da kuka yi dama ya ƙaru.”

“Sake faɗa. Rana ta haske madubin.”

Na matso gaba, na buɗe baki sosai, na ɗaga murya ba tare da na sani ba. “Hagu, ya ragu. Dama, ya ƙaru.”

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Shi bai san na ɗaga ba.

Ya tsaya a gefen wata gona, ya fito, ya tsuguna a tayar baya ta hagu, daidai ƙarƙashin inda nake zaune. Ya sa bayan hannunsa a tsakiyar wilin, ya janye da sauri. Ya zagaya ya taɓa na dama, ya bar hannun a kai. Ya dawo ya zauna a mazauninsa, ya yi hamdala a hankali.

“Boris ne, wanda wili ke juyawa a kansa. Na hagu. In aka karkata dama nauyi ya koma kansa, shi ya sa yake ƙara kuka. Bakasul lafiyarsa ƙalau.” Ya tayar da mota. “Za mu ƙarasa Challawa mu juyo, in tabbatar ba su biyu ba ne.”

Da a nan muka juya, da babu abin da zan rubuta. Amma gwaji ba ya cika sai an ji motar da zafinta a doguwar tafiya, kuma ni ne kunnen, don haka ban bar kujerar ba.

Warin majema ya tarye mu tun kafin mu ga katangun Challawa. Muka isa daidai lokacin da masu aikin safe suke tashi, na yamma suna shiga. Titin ya cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa, da mata masu sayar da dafaffiyar masara a bakin ƙofofi. Motar ta koma tafiyar ƙafa. Rabin mutanen nan daga ƙauyukanmu suke. Na san su, sun san ni.

Irin wannan mota ba ta wucewa ba a kalle ta ba. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mai gadi a ɗaya daga cikin majemun, wanda tare suka yi karatun allo da Baba. Da ya hango baƙar mota doguwa sai ya miƙe daga kujerarsa ya ɗaga hannu yana jinjina, a zatonsa wani babba ne. Muka matso. Ya ga wanda ke tuƙi. Ya ga wanda ke kishingiɗe a baya, domin kujerar ba ta barin mutum ya zauna a miƙe. Hannun ya sauko a hankali.

Wani saurayi a kan keke ya dafa ƙofar da nake, ya leƙo.

“Sannu da hutawa, Alhajin rediyo. Ashe an samu direba.”

Wani na kusa da shi ya ce, “Kuma na gida. Ba sai an biya ba.”

Aka yi dariya. Baba yana kallon kekunan da ke gabansa kar ya taka wani. Bai ga bakin kowa ba, bai ji komai ba. Na nemi idonsa a madubi in ce ya tsaya in koma gaba, amma idon yana kan titi. Da muka fita daga cunkoson ya dube ni ya ce, “Akwai wata sabuwar ƙara?” Na ce babu.

Kafin magariba labarin ya riga ni isa gida. Yaron da aka sa a boko, ya shiga rediyo, yanzu ya zauna a gidan baya ya sa ubansa yana ja. Wasu suka ce sun gan ni ina nuna masa hanya da yatsa. Wasu suka ce sun ji ina yi masa tsawa, kuma wannan wataƙila wani manomi ne ya ji a hanyar Zawaciki, bai yi ƙarya ba. A masallaci mutanen da suka saba tambayata labarin duniya suka koma ba ni hannu da gefen ido. Amsar tana bakina, jimla ɗaya ce. Amma rabin masu sauraron suna da ɗan'uwa a Bompai. Goggo, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, ta sha zagin a wurin biki ta dawo ta zauna ta yi shiru, har na ji tausayinta fiye da kaina.

Baba kuwa ya je Ƙofar Ruwa ya yini yana tona tsofaffin ƙarafa, har ya samo boris na wata motar daban mai awo ɗaya. Ya ɗaura. Ran Juma'a Alhaji ya je masallaci ya dawo bai ji komai a ƙarƙashinsa ba. Aka ce har ya aiko wa Baba da yadin shadda.

Mako bai zagayo ba direban Alhaji ya zo gidan rediyo nemana. Ya ce Alhaji yana son ganina. A hanya bai ci gyaɗa ba, bai yi wasa ba.

“Ɗana, wallahi da wasa na faɗa. Labarin ya zo gareji, muna ta tsokanar babanka da shi. Ina tuƙa Alhaji, sai na ce, ranka ya daɗe, ai kujerar nan taka ta yi baƙo. Na zaci dariya zai yi.”

“Bai yi ba?”

“Ya sa na tsaya. Ya koma ɗaya gefen.”

Baba yana tsaye a ƙofar gareji. Da na durƙusa gaishe shi ya ce, yana kallon katanga, “Ba kai za a tambaya ba. Ko an tambaye ka, ba kai aka tambaya ba.”

Alhaji yana zaune a kujerar roba a ƙarƙashin rumfar da ake ajiye motar, ita kuma tana bayansa an wanke ta, ƙofofinta a buɗe suna shan iska. Ba a san shi da mugunta ba. Shi ya gina masallacin cikin masaƙar, kuma da azumi yana raba hatsi. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne mai karanta mana labarai? Muryarka ta fi ka girma. Ya ka ji kujerar? Da laushi?”

Na sunkuyar da kai.

Ya juya wajen Baba, wanda ya tsuguna a inda zai ga fuskarsa sosai. “Malam, tun zamanin Bature kake riƙe da motar nan. Ni ban taɓa ƙirga man da ka sha ba, ban taɓa tambayar ina ka kai ta ba. Wurin nan ko 'ya'yana ba sa zama. Yanzu ina ji a gari an zaga da ita har Challawa, ana nuna ta da yatsa ana dariya. Ina so in fahimta.” Ya gyara zama. “In aiki ne ya sa, ka faɗa min. Ni ban san aikinku ba. Akwai wani aikin da ke sa a zaunar da mutum a baya?”

Akwai. Kowane bakanike ya san akwai. Da Baba ya ce ƙarar daga baya take, dole wani ya zauna a can ya saurara, da Alhaji ya yarda. Sai dai tambaya ta gaba a fili take: me ya hana ka sa direba ya tuƙa kai ka zauna ka saurara, kai da ake yabon kunnenka? Me mai karanta labarai ya sani da ba ka sani ba? Direban yana tsaye, leburorin gareji suna jin mu. Kafin la'asar duk Bompai za ta ji, washegari Sharada. Wanda aka kora don ya yi wa maigida rashin ladabi yana iya buɗe akwatin sifanunsa a wani wuri. Wanda aka kora don ba ya ji, babu mai kawo masa ko keke.

Na ga Baba ya gama wannan lissafi tun kafin Alhaji ya rufe baki. Ina jin ya gama shi tun a gida.

“Ba aiki ba ne, ranka ya daɗe.”

“To mene ne?”

“Ɗana ne na fari. Na so in gan shi a wurin.”

Direban ya sunkuyar da kai, leburorin suka juya baya suna neman abin yi. A wurinmu dattijo ba ya faɗin haka. Da ya ce ya sayar da tayar motar ya ci kuɗin, da kunyar ba ta kai wannan ba.

Alhaji ya yi 'yar dariya, ba mai yawa ba.

“To, ka gan shi. Sai ka je gida ka ci gaba da ganinsa.”

Ya ɗaga wa direban hannu a rufe ƙofofin motar. Da Baba ya juya zai tafi, Alhaji ya ƙara wata magana a bayansa, cewa ya bar makullin gareji a wurin mai gadi. Baba ya ci gaba da tafiya. Alhaji ya ɗauka fushi ne, ya ce, “Ka ga irin abin da nake faɗa.” Ni na bi shi na sha gabansa, na ɗago kaina, na faɗa masa a hankali. Ya ciro makullin ya ba ni.

Lissafinsa ya yi daidai. Ya kafa rumfa a bakin titin Sharada, kusa da masu faci, kuma sunan kunnensa ya biyo shi. Direbobin manyan motoci suna kawo masa aiki suna cewa wannan shi ne wanda yake jin ciwon mota daga ƙofa. Ya riƙa cizon sukundireba, yana taɓa wili da bayan hannu, yana tambayar direba me ya ji, yana kallon bakinsa. Da haka ƙannena suka gama makaranta. Daga baya abin ya fito fili, kamar yadda dole ya fito, amma lokacin ƙarfinsa ma ya ƙare.

Bai sake nemana gwaji ba. Muka koma gaisuwar bakin zaure. Na riƙa ɗago kaina idan zan gaishe shi, don ya ga bakina, amma shi wani wurin yake kallo kamar da. Ya san abin da ake faɗa a gaisuwa, ba ya buƙatar gani. Maganar da ya yi a gaban Alhaji ba mu taɓa komawa kanta ba, ko ta bakin Goggo.

Ranar da ya rasu, dattijon nan mai gadin majema ya zo ta'aziyya, ya tsufa sosai, ana riƙe da hannunsa. Ya zauna kusa da ni a tabarma, ya yi addu'a, sannan ya ce, “Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai haƙuri. Ya haƙura da abubuwa da yawa.” Ya dube ni lokacin da yake faɗin ƙarshen.

A lokacin babu sauran abin ɓoyewa. Masaƙar ma an rufe ta. Ina iya ce wa dattijon, ranar nan aiki muke yi, kunnen mahaifina na zama. Da ya yarda, da kafin sadakar uku an wanke ni a ƙauyen. Amma in na ce aiki ne, na ce ke nan abin da mahaifina ya faɗa a ƙarƙashin rumfar nan dabara ce kawai ta mai neman abinci. Wataƙila hakan ne. Ban sani ba, kuma wanda ya sani an kai shi da safe.

Na ce amin. Aka miƙo masa ruwa, ya sha, aka tashe shi ya tafi.